Binciken Neman Diyyar Gobarar Shago Idan Akwai Zargi

Fara da duba ranar da aka yanki inshorar. Gobarar da ta tashi sati biyu da yanka, ko jim kaɗan bayan an ƙara darajar kayan, abin sa ido ce.

Je wurin da kanka tun ba a share toka ba, ka ɗauki hotuna. Mai shago ya ce dila hamsin ta atamfa ta ƙone? Da wuya dila ta ƙone ƙurmus, cikinta kan rage. Nemi burbushin.

Karɓi rahoton 'yan kwana-kwana da na 'yan sanda, sannan ka gwada rasit ɗin mai shagon da littafin ɗan kasuwar da ya sayar masa da kayan.

Tambayi maigadi da maƙwabta, kowa shi kaɗai: an ga ana kwashe kaya da daddare?

Rubuta kowace amsa da kwanan watanta, mai maganar ya sa hannu.