Yadda za ka koyar da lissafi da tsakuwa 21

Malamai 'yan uwana na lakwal, musamman masu riƙe da CM1 da CM2, wato aji biyar da shida na firamare, sau da yawa yaro ya haddace tabul ɗin 4 (4 sau 1, 4 sau 2, har gaba) tsaf amma bai san inda zai yi aiki da shi ba. Ku gwada wannan wasan, ko dala ba ya ci.

A sa yara su tsinto tsakuwa 21, ko ƙwallon dabino ko marfin kwalba, su zauna biyu biyu. Kowa in layinsa ya zo zai ɗauki ɗaya ko biyu ko uku, wanda ya ɗauki ta ƙarshe shi ya ci. Toh kai malam ka fara bugawa da su a gaban aji, ka ɗauki ɗaya tak saura 20, daga nan in yaro ya ɗauki 1 kai ka ɗauki 3, in ya ɗauki 2 kai ma 2, in 3 kai 1, kullum dai ku biyun ku cika 4. Haka zai riƙa tarar da 16, 12, 8, 4, kuma daga 4 ba shi da mafita.

Amma dan Allah kar ka faɗa musu sirrin, nan ne duk amfanin yake. Ka bar su su sha kaye, kawai ka ce su rubuta a allonsu abin da ya rage duk bayan ɗaukarka, wallahi za ka ji wata yarinya daga bayan aji ta ɗaga murya ai tabul ɗin 4 ne! In sun gano sai ka canza, a fara da 23, nawa na farko zai ɗauka? 23 a raba 4 saura 3, ka ga rabawa mai saura ta shigo da kanta. A yarda a ɗauki har huɗu kuma, tabul ɗin 5 ke nan.

Darar da dattawa ke bugawa a ƙasa ma za ta iya shiga darasin, gurbi 30, layi 5 sau 6, kowa da 'ya'ya 12, wanda ya jera uku ya cire ɗan abokin karawa. Sharaɗina ɗaya, kafin yaro ya motsa ɗa sai ya faɗi dalili.

In ajin ya cika maƙil kamar yadda muka saba a Garwa da Marwa, ka fitar da su gindin dalbejiya, rukuni na mutum huɗu, biyu na bugawa biyu na rubutawa, bayan minti goma a yi musanya.