Kurakuran da aka fi yi wajen haɗa firam ɗin babban aikin yadi

Yawancin masu haɗa firam ɗin rataye babban yadi don baje koli nauyin yadin kawai suke aunawa, su ce ai ba shi da nauyi. Gaskiya ne: yadin auduga mai kauri, gram 400 a kowane murabba'in mita, idan tsawonsa mita 6 ne, faɗinsa mita 4, bai cika kilo 10 ba. Amma ba nauyin ne ke karya firam ba, ja ne da iska.

A ce an rataye wannan yadin a wayar ƙarfe mai tsawon mita 6 tsakanin ginshiƙai biyu, aka ɗame ta har tsakiyarta ta sauko da santimita 6 kacal. Kowane gefe zai ji jan kusan kilo 125. A hankali sai ka ga ginshiƙan sun karkato ciki, yadin ya yi tumbi a tsakiya. Ƙara ɗamewa ba magani ba ne, shi ma ke ƙara ɓarnar. A sassauta wayar ta sauko da santimita 30, jan zai koma kilo 25. In lallai ana son saman ya miƙe sambal, a sa sandar ƙarfe, a tokare ta a tsakiya, domin sandar da aka ninka mata tazara, tana ɗauke da kaya iri ɗaya a kowace mita, lanƙwasarta takan ninku sau 16.

Idan a waje za a kafa, iska mai gudun kilomita 72 a awa tana danna kowane murabba'in mita da kusan kilo 25, wato kilo 600 a kan yadin nan. Wannan ba lissafin ido ba ne, a nemi injiniya. A danne gindin firam ɗin da bulo ko buhunan yashi gwargwadon yadda ya faɗa.

Firam mai kusurwa huɗu kuma, in ba a sa masa tokari a karkace ba, murguɗewa yake yi. Waya biyu a gicciye ta baya sun wadatar.

Rataye yadi da ƙusoshi ko zobba ƙalilan na yaga shi daidai wurin. A kalmashe bakin, a ɗinke shi kamar aljihu, a zura sanda, nauyi ya rarrabu ko'ina. Kada ɗanyen ƙarfe ya taɓa yadi, tabon tsatsa da wuya ya fita. A yi masa fenti ya bushe sarai, ko a sa alminiyam.

Kafin mai walda ya kama aiki, a auna ƙofar wurin baje kolin. A haɗa firam ɗin gunduwa-gunduwa da noti, a rubuta wa kowace mahaɗa lamba.