Yadda nake auna ko waƙar fim ɗin yaƙi ta dace da shi

Kada ka saurari waƙar kafin ka kalli fim ɗin. Na sha yin wannan kuskuren: waƙa ta shiga raina, na yi ta maimaita ta a waya, ranar da na zauna kallo kuma sai na tarar hankalina yana kan inda za a sako ta, labarin yana wuce ni. Ka fara kallo tukuna, har sunayen ƙarshe su gama hawa.

Da ka gama, ka tambayi kanka abin da fim ɗin ya ɗauki yaƙi. Abin alfahari ne a wurinsa, ko asara, ko hauka tsagwaronta? Ka amsa da kalma ɗaya. Sannan ka sa waƙar ita kaɗai, ka rufe ido, ka ga abin da za ta kawo maka. In fim ya nuna maka gawawwakin samari, waƙar kuma ta sa ka ji kamar ka tashi ka ɗauki bindiga, to ɗaya daga cikinsu ƙarya yake yi.

Amma a nan ake yawan yin gaggawar yanke hukunci. Akwai tambayar da ta fi wannan: wa yake jin waƙar? Mu masu kallo kaɗai, ko har da sojojin da ke cikin labarin? A The Bridge on the River Kwai na 1957, fursunonin yaƙi 'yan Ingila suna shiga sansanin Japanawa, kaya duk a yage, wasu takalman ma sun rabu da ƙafa, amma suna tafe a sahu suna fito da baki. Kiɗan da suke yi da fito, Colonel Bogey, tsohon kiɗan fareti ne na 1914, mai annashuwa. Da na fara ji, cewa na yi wannan ai bai dace da mutanen da aka kama ba. Sai a kallo na biyu na lura da fuskokinsu. Daga bakinsu sautin yake fita, kuma shi kaɗai ya rage musu su nuna wa wanda ya kama su cewa ba su karaya ba. Da ƙungiyar makaɗa ce kawai ta buga shi daga bayan fage, da ya zama izgili.

Gwaji na gaba mai sauƙi ne. Ka koma wurin da waƙar ta fi tashi, ka kashe sauti, ka sake kallo. In wurin ya mutu murus, waƙar ce take ɗauke da fim ɗin a baya, kuma wannan ba yabo ba ne. Ka duba kuma inda aka ƙi saka ta. A Saving Private Ryan na 1998, saukar sojojin Amurka a gaɓar Nomandi ta Faransa ranar 6 ga Yuni 1944 ta ɗauki sama da minti 20 babu kiɗa ko kaɗan, sai harsashi, ruwa da ihu. John Williams, wanda ya tsara kiɗan fim ɗin, ya ajiye babban kiɗan nasa sai da sunaye suka fara hawa.

In waƙar mai baiti ce, ka nemi fassararta. A fim ɗin Indiya Border na 1997, wanda aka gina kan faɗan Longewala na 1971 tsakanin Indiya da Pakistan, babbar waƙar ba ta kirarin jarumta ba ce. Sojoji ne a hamada, wasiƙun gida sun iso, kowa ana tambayarsa yaushe zai dawo. Doguwa ce ƙwarai, ni dai da an rage ta da ban yi ƙorafi ba, amma ta yi aikinta: lokacin da aka fara faɗuwa, ka riga ka san wanda yake jiran kowannensu.

Waƙar soyayyar da aka liƙa a ƙarshen fim ɗin Pearl Harbor na 2001 kuwa, na sa ta a kan hotunan wani biki, ta zauna daram kamar don shi aka yi ta. Tun daga ranar nake ƙarasawa da wannan gwajin: in ɗora waƙar a kan abin da ba yaƙi ba, in ga ko za ta ƙi zama.