Yadda zaka karanta jirgin yaƙi daga hotonsa kawai

Duk sanda aka saka hoton jirgin yaƙi tambayar farko da mutane keyi ita ce gudunsa nawa, kuma gaskiya wannan tambayar ta tsufa. MiG-25 na tsohuwar Tarayyar Sobiyet da ya fara tashi a 1964 yana kai Mach 2.8, wato kusan ninki uku na saurin sauti, F-35 kuwa iyakarsa wajen Mach 1.6, amma a fagen daga na yau wanda ya riga ganin ɗan'uwansa shi ke harbi. Don haka idan hoton ya zo hannunka ga inda zaka kai ido.

Fara da ƙarƙashin fiffike. In ka ga makamai masu linzami da tankunan mai a rataye a waje to wannan jirgin rada zata ganshi tun daga nesa, irin su F-16 da Su-35 kenan. F-22 da F-35 na Amurka da J-20 na Sin da Su-57 na Rasha a cikin cikinsu suke ɓoye makamai, ƙofa ta buɗe a harba ta rufe nan take. Amma fa cikin baya ɗaukar kaya da yawa, shi yasa wani lokaci zaka ga F-35 ma da makamai a waje idan babu barazanar rada a wajen.

Sai siffar jiki, nan ne aka fi zuba ilimi. Rada igiya take aikawa ta daki abu ta dawo, kamar dai madubi da hasken rana, in ka karkatar da madubin hasken sai ya tafi wani gefe. Shi yasa wutsiyoyin F-22 guda biyu suke a karkace ba a tsaye cak ba, gefen ƙofofi kuma an yanka su kamar haƙoran zarto, kuma in ka lura kusurwar fiffike da ta wutsiya ɗaya ce saboda igiyar ta watse ta ɓangarori kaɗan kawai. Leƙa mashigar iska ma, in baka hango fankar injin ba to an lanƙwasa hanyar ne da gangan, domin fankar nan tana maida igiyar rada sosai. Kar dai ka ɗauka jirgin baya ganuwa kwata-kwata, rage nisan da za'a ganoshi akeyi, a 1999 Sabiya ta kakkaɓo F-117 na Amurka.

Koma hanci. Radar jirgin tana ciki, baka ganinta. Abin da zaka iya gani shi ne ɗan ƙwallon gilashi gaban mazaunin matuƙi a Su-35 ko Typhoon ko Rafale, wannan zafin jikin jirgin abokin gaba yake farauta ba tare da ya aika wata igiya da zata tona masa asiri ba, ni wannan na'urar tana burgeni matuƙa kuma mutane basu cika kula da ita ba.

Ƙananan fikafikai a gaba kusa da matuƙi kamar na Rafale da Gripen don saurin juyi ne. Irin waɗannan jiragen da gangan aka ƙera su basu da natsuwa a iska, kwamfuta ce ke gyara musu zama kowane lokaci, matuƙi kuma yana shan nauyin da ya kai 9G, wato ninki tara na nauyin jikinsa, a juyi mai tsanani.

A ƙarshe dubi baya. Bakin injin da ke lanƙwasa sama da ƙasa na F-22 ne, na Su-35 ma yana motsi. Fiffike mai naɗewa da ƙugiya mai kauri a ƙarƙashin wutsiya kuma alamar jirgin da ke sauka kan jirgin ruwa ne, kamar F/A-18 da F-35C. In kuma ka ga wata babbar ƙofa ta buɗe a bayan matuƙi jirgin yana sauka a tsaye, F-35B kake kallo.