Kurakuran da Aka Fi Yi a Kiwon Awakin Madara

Kuskuren da sauran suke biyo bayansa shi ne a ɗauki akuyar madara kamar kowace akuya, a sake ta ta nemi abin da za ta ci, sannan a zo da safe ana sa ran mazubi ya cika. Akuya irin Saanen ko Alpine, wato nau'o'in awakin madara 'yan asalin Turai, tana iya ba da madara har kusan wata 10 bayan haihuwa, amma idan abin da take ci bai kai abin da take fitarwa ba, daga jikinta za ta cire, sai ta rame, ƙasusuwan ƙugunta su fito, nonon ya ja baya.

Wanda ya lura da haka yakan yi gaggawar tula mata hatsi da dusa, kuma wannan ya fi na farko haɗari. Tumbin akuya yana bukatar lokaci kafin ya saba da sabon abinci, don haka hatsi mai yawa a lokaci guda yana jawo kumburin ciki da gudawa, wani lokaci har da mutuwa. Gyaran shi ne ganye da busasshiyar ciyawa mai kyau su zama ginshiƙin abincinta, a riƙa ƙara hatsi kaɗan-kaɗan cikin mako ɗaya zuwa biyu. A ɗaga abincin daga ƙasa, domin akuya ba ta cin abin da ta tattaka. Ruwa mai tsabta kuma kada ya yanke, tunda kusan kashi 87 cikin 100 na madara ruwa ne.

A wajen tatsa ne sakaci ya fi yin ɓarna. A wanke hannu, a goge kan nono a busar da shi, sannan a tatsi ɗigon farko a wani kofi dabam a duba. Idan aka ga gudaji ko jini, ko aka taɓa hantsa aka ji ta da zafi da tauri, ciwon hantsa ya kama, kuma jinkirin kiran likitan dabbobi yana iya kashe ɓangare guda na hantsar har abada. Irin wannan akuya a tatse ta daga ƙarshe, madararta kuma a zubar har wa'adin da aka rubuta a jikin maganin da aka ba ta ya cika. Akwai dabarar da ban ga dalilin raina ta ba: a ba akuya abinci da zarar an gama tatsa domin ta zauna a tsaye, saboda kafar nonon ba ta rufewa nan take, kuma kwanciya a kan kashi yana shigar da cuta.

Cikin akuya kwana 150 ne ko kusa da haka, kuma kwaɗayin madara yana sa wasu su yi ta tatsa har dab da haihuwa. Ya kamata a daina kimanin kwana 60 kafin lokacin, domin hantsa ta huta, ɗan da ke ciki ya yi ƙwari. Bayan haihuwa, a tabbatar ɗan ya sha dakashi, wato nonon farko, cikin sa'o'in farko. Bunsuru kuwa a nisanta shi da wurin tatsa, domin warinsa yana kama madara.