Yadda ake tattara tarihin da shaidunsa ke raye

Ɗalibin da ya zaɓi tarihin zamani yana da gatan da mai nazarin daular Gobir ba shi da shi: zai iya zama gaban wanda aka yi abin a idonsa. Amma gatan yana da wa'adi. Wanda yake da shekara ashirin a 1960 yau ya haura tamanin. Bari mu ɗauki siyasar NEPU, jam'iyyar adawa ta su Malam Aminu Kano, da NPC, jam'iyyar su Sardauna, a Kano, daga kafa NEPU ranar 8 ga Agusta 1950 zuwa juyin mulkin 15 ga Janairu 1966, mu ga yadda aikin yake tafiya.

Fara da matse batun. "Tarihin NEPU" ya fi ƙarfin kundin digiri ɗaya. NEPU a gunduma guda, ko tsakanin 'yan kasuwa ɗaya, cikin shekara biyar zuwa goma, wannan zai yiwu.

Kada ka je wurin dattijo hannu rabbana. Ka fara shafe makonni a kan takardu. A Gidan Adana Takardun Tarihi na Ƙasa da ke Kaduna, nemi fayilolin da ke ɗauke da alamar KANPROF, wato na Lardin Kano, da na SNP, na ofishin Sakataren Lardunan Arewa. Arewa House, tsohon gidan Sardauna, da Gidan Mambayya, tsohon gidan Malam Aminu Kano da ke Gwammaja a Kano, suna da takardu da jaridu. Duk takardar da ka ɗauki hotonta, fara ɗaukar bangon fayil ɗin da lambarsa, domin hoto ɗari uku marasa lamba ba za su shiga kundi a matsayin hujja ba. Ka kuma san mai magana a cikin takardar. Rahoton Razdan ko na Di'o idon hukuma ne, Gaskiya Ta Fi Kwabo kuwa, wadda aka fara bugawa a Zariya a 1939, jaridar gwamnati ce. Idan ka ga an kira wasu "masu tada zaune tsaye", ka fahimci ra'ayin marubucin ne, abin da ya faru kuma sai an bincika. Daga waɗannan takardu ka fitar da jadawalin shekaru mai shafi biyu, ka riƙe shi a jaka.

Sai hira, inda yawancin aiki ke lalacewa. Ka sami wanda zai gabatar da kai, ɗa ko jika ko mai unguwa. Ziyarar farko ta gaisuwa ce da bayanin abin da ya kawo ka, da ɗan goro idan ka samu. Kada ka yanka farashi, domin wanda aka biya yakan faɗi abin da yake zaton ana son ji. Ran hira ka sa wayarka a yanayin da kira ba zai shigo ba, ka ajiye ta kamar kamu biyu daga bakinsa, ka kashe fanka, ka kunna na'ura ta biyu saboda tsaro. Da farkon naɗin ka faɗi ranar da wurin, ka nemi ya bayyana amincewarsa da bakinsa, ka tambaye shi ko yana son a ambaci sunansa. Zama ɗaya kada ya wuce awa guda. Gara zama uku gajeru da guda mai tsawo, domin abin da ya fi daraja yakan fito a na biyu ko na uku.

Guji hira a majalisa. Idan babba yana zaune, na ƙasa da shi ba zai musa masa ba, sai ka tashi da murya ɗaya kana zaton biyar ce. Mata kuwa, kada ka bar su. Ba su da ƙuri'a a Arewa a wancan zamani, amma sun yi siyasa, Gambo Sawaba ma shaida ce. Namiji ya nemi abokiyar aiki da za ta shiga cikin gida.

Kada ka tambayi "A wace shekara?" Tsoho zai ba ka shekara don kada ka ji kunya, kuma sau da yawa ba ita ba ce. Ce masa: "Baba, lokacin Sarki Abdullahi Bayero yana raye?" Ya rasu a 1953. "Kafin zuwan Sarauniya ne ko bayansa?" Wannan 1956 ke nan. Murabus ɗin Sarki Sanusi 1963 ne, komawa tuƙi ta hannun dama 1972, canjin kuɗi daga fam zuwa naira 1973. Da turaku biyu irin waɗannan za ka killace labari cikin 'yan shekaru. Wannan yana da muhimmanci a Kano musamman, domin mutanen da suka yi NEPU su ne da yawansu suka yi jam'iyyar PRP daga 1978, kuma ƙwaƙwalwa takan haɗe zamanin biyu. Da zarar ka ji an ambaci santsi da taɓo, wato ɓangarori biyun da PRP ta rabu, ka san labarin ya tsallaka zuwa Jamhuriya ta Biyu.

Rubuta hirar cikin kwana biyu, tun kana tuna fuska da inda aka yi shiru. Awa ɗaya ta magana takan ci awa biyar ko shida ta rubutu, don haka hira ashirin aikin wata guda ne cur. Rubuta ta da Hausar da aka yi ta, ba gyara, fassara ta biyo baya. Ajiye sautin wuri uku.

Idan baki ya saɓa wa takarda, kada ka yi saurin ba takarda gaskiya. Bulalar da aka yi wa ɗan adawa a kotun alƙali ba lalle ta shiga rahoton shekara ba. Nemi shaida na biyu wanda ba ɗan gida ɗaya ko jam'iyya ɗaya da na farko ba, ka ji ta bakin tsofaffin 'yan NPC da ma'aikatan En'e kamar yadda ka ji ta 'yan Sawaba, wato 'yan NEPU. Zargi mai nauyi a kan mutum, wanda baki ɗaya kawai ya kawo shi, ka rubuta shi a matsayin abin da wane ya ce, ko ka sakaya sunan, domin 'ya'yan wanda ake zargin suna nan cikin gari kuma za su karanta.