Inda Ya Kamata a Ajiye Amfilifaya da Sitabilaiza Don Sauti Ya Fita Tas

Yawancin ƙugin da ake ji a kayan sauti na gida daga wurin ajiya yake zuwa. A ɗakuna da dama a nan Katsina za ka tarar an ɗora sitabilaiza a kan amfilifaya, an ɗora na'urar faifai a kansa, wayoyi kuma an tufke su wuri guda a bayan kantar da aka jera kayan. Da an kunna sai gurnani ya shiga ƙarƙashin kiɗa, a ce sifika ta lalace, alhali lafiyarta ƙalau.

Wutar da ke shigowa gidajenmu bolt 230 ce, tana kai-komo sau 50 a daƙiƙa. Duk tiransifoma, ko na cikin sitabilaiza ko na cikin amfilifaya, yana baza maganaɗisu a kewayensa da wannan bugun, kuma wayar sautin da ta gifta kusa sai ta kwasa. Na'urar CD tana fitar da kimanin bolt 2, don haka ba ta cika damuwa ba. Allurar garmaho kuwa milibolt 5 take bayarwa, sai an ninka shi kusan sau 100 kafin ya yi amfani, kuma tare da ƙugin ake ninkawa. Shi ya sa garmaho ya fi kowa buƙatar nisa da tiransifoma.

Sa'ar da aka yi, ƙarfin maganaɗisun nan yana faɗuwa da sauri in aka matsa. Sauke sitabilaiza ƙasa, a kan guntun katako, ka ba shi aƙalla santimita 50 daga kantar kayan. In wata na'ura tana da akwatin wutarta daban, miƙe wayarsa iya tsawonta, ka kai shi ɓangaren da babu wayoyin sauti. Sannan ka gwada da kunnenka: kunna komai ba tare da ka sa faifai ba, ɗaga ƙara zuwa rabi, ka riƙa jan akwatin a hankali kana ɗan juya shi. Sau da yawa juyi kaɗan ya isa ƙugin ya kwanta.

A kan kanta, amfilifaya ce a matakin ƙasa saboda nauyinta, CD a tsakiya, garmaho a can sama, a wurin da ya daidaita kuma ba ya rawa. Kada sifika ta hau kanta ɗaya da garmaho, domin girgizar za ta koma cikin allura.

Batun zafi ya fi muhimmanci a wurinmu fiye da yadda littafin kamfani ke faɗa, don a Afrilu da Mayu zafin gari yakan haura digiri 40. Bar santimita 15 a saman amfilifaya, 5 zuwa 10 a kowane gefe, bayan kantar kuma a buɗe. Kada ka ajiye amfilifaya a kan darduma, tana toshe ramukan da iska ke shiga ta ƙasa. Kafasitocin ciki, wato ƙananan kayan da ke tara wuta, su ke fara gajiya, kuma ƙa'idar da masu gyara suka sani ita ce duk ƙarin digiri 10 yana raba rayuwarsu biyu. Da hunturu, in hazo ya sauka, a rufe kaya da ƙyalle, amma sai an kashe sun huce. Ƙurar da ta kwanta a kan ƙarfen sanyaya tamkar bargo ce, a share ta da burushi mai laushi bayan an zare filogi.

Wayoyin wuta su bi gefe guda, na sauti su bi ɗaya gefen. In dole su haɗu, su gitta juna, kada su jera tare. Cajar waya da wayar hannu kanta a ɗauke su daga kan amfilifaya.

Duk kayan sautin su sha wuta daga soket ɗaya, ta abin jonawa mai kyau. In aka raba su soket biyu, ɗan bambancin da ke tsakanin wayoyin ƙasa, wato earth, sai ya bi ta wayar sauti, ƙugi ya dawo. Wayar dish da ke shiga dikoda ma takan jawo haka. Zare ta ka saurara; in ƙugin ya ɗauke, ka gano ɓarawon. Amma kada a karya ƙafa ta uku ta filogi don a kashe ƙugi. Ita ce ke kare rai ran da wuta ta taɓa jikin ƙarfe. In taɓa amfilifaya na ɗan tsikarar hannu, kira mai gyaran wuta ya duba wayar ƙasa ta gidan. Firji da injin tura ruwa a ba su layinsu daban, don duk sanda suka tashi za ka ji "ƙwas" a sifika.

Masu sola su duba irin inbatarsu. Mai araha, wadda wutarta ke fita tsalle-tsalle, tana sa tiransifoma zuga da ɗaukar zafi, kuma babu canjin wurin da zai gyara wannan sai an koma mai fitar da wuta sumul. Janareta kuwa a bari ya daidaita kafin a kunna kaya. Wajen kunnawa amfilifaya ce ƙarshe, wajen kashewa ita ce farko, kuma in aka ɗauke wuta a kashe amfilifayar nan take kafin a dawo da wutar da ƙarfi.

Sifiku biyu da wurin zamanka su zama kamar duwatsun murhu, tazara ɗaya tsakanin kowanne, misali mita 2. Janye su santimita 50 daga bango, musamman masu ramin iska a baya, in ba haka ba bas ya kumbura ya haɗiye murya. Ƙaramar sifikar sama ta yi daidai da kunne. In a kan darduma ake zama, kamar yadda aka saba a zaurukan Daura da Katsina, sai a sauke su ƙasa-ƙasa. Ɗaki mai tayil da bangon siminti yana amsa kuwwa, don haka shimfiɗa kafet tsakaninka da sifikun, ka sa labule mai kauri a taga. Wayar sifika ta tagulla mai kaurin 2.5 mm² ta wadatar, ja ga ja, baƙi ga baƙi. In aka juya ɗaya, bas zai tsere, muryar mawaƙi kuma ta kasa tsayawa a tsakiya.